Tukuicin da Gwaggo Turai Ta Bayar

Gwaggo Turai yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana zaune a Small Heath cikin Birmingham, a ɗaya daga gidajen nan na jan bulo da suke jere bango ɗaya, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Mu kuma muna Longsight a Manchester. A danginmu ni ake bugo wa waya in an manta shekarar da aka yi wani aure ko wata rasuwa, don haka na ga gara in rubuta abin da ya same ta bara tun kowa bai gama gyara shi yadda ya fi masa daɗi ba.

A Gwammaja ta Kano aka haife ta. Ta biyo mijinta, marigayi Malam Bara'u, da ya zo ƙaro karatu ya samu aiki ya zauna. Ya rasu lokacin ɗansu Taufiq yana da shekara shida, ita kuma takardun zamanta duk a jikin nasa suke rataye. Shekara huɗu ta yi ba ta san ko za a bar ta ko za a ce ta tattara ba. An bar ta daga baya, har fasfo ta samu, amma tsoron bai fita ba. Har yau in wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa, ko ta hukumar gari ce a kan kwandon shara, ba ta buɗewa. Sai ta ɗauki hoton bayanta ta turo mini ta ce, "Habi, wannan ta su waye?" Tana jin Turanci daidai na kasuwa da na makarantar firamaren da take raba wa yara abincin rana. Na ofis ne yake kulle mata kai.

Sana'arta ta gaske cincin ne da dubulan da alkaki. Duk bikin Hausawa daga Erdington har Coventry, da wuya ka rasa fararen bokitanta a gefen tebur. Kuma tana da wata ɗabi'a da kowa ya san ta da ita: ɗan aike ba ya barin ƙofarta haka nan. Mai kawo wasiƙun da take tsoro ma yana da ƙullinsa na cincin duk Juma'a. Matar da take ɗaga waya a wurin likitan unguwa ta taɓa samar mata layi da wuri, washegari sai ga Gwaggo da roba cike da dubulan.

Taufiq shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ne. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kama sunansa. "Yaron nan" take cewa, ko "mutuminku". Tun yana shekara tara wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta ɗauke shi cikin yaranta, Gwaggo ta dinga bin bas biyu tana kai shi atisaye, tana tsayawa a bakin shingen filin cikin ruwan sama da hijabinta da lema. Yana cika sha shida suka kira shi ofis suka ce sun gode. Wata uku bai taɓa ƙwallo ba. Abbana, Musbahu, shi ya je ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinmu, ya sa shi kwaleji, ya samar masa wata ƙaramar ƙungiya a bayan gari.

A nan ya ji labarin jami'o'in Amurka da suke ɗaukar irinsu, su yi musu karatu da ɗaki da abinci kyauta, su kuma su buga musu wasa. Amma akwai sharuɗɗa, kuma akwai hukumar da take bin diddigi. Ni na taya shi cike takardun. An taɓa biyan ka don ka buga? Kana da dillali? Wani ya taɓa ba ka wani abu don ka zaɓi makarantarsa, ko kai ka ba wani? Shekara biyu Taufiq yana kaffa-kaffa. In ƙungiyarsu ta ci wasa mai ita ya raba wa yara ɗan ihisani, shi sai ya saka hannu a aljihu ya fice. Abokansa har suna suka sa masa, wai Liman.

A watan Maris wata jami'a ta turo mataimakin kocinta ya zo ya gan shi da ido, ya kuma ga iyayensa. Ranar Asabar bayan azahar muka haɗu a gidan Gwaggo. Mun sa ran Bature, sai ga dogon mutum baƙi ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa, ya rusuna ya ce, "Hajiya, mun same ku lafiya?"

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Ɗan ina ne kai?"

"Davou sunana. Ɗan Jos ne, Hajiya. Ƙwallo ce ta kai ni can, ta kuma ƙi dawo da ni."

Shi ke nan ta manta da tsoro. Ta kawo faranti cike da masa da miyar taushe, ya ci har yana share gumi. Ya yi bayani da Hausa tiryan-tiryan: sun ga wasan yaron, suna so, shekara huɗu ba ko kwabo daga aljihunta. Saura sa hannu na ƙarshe a wata mai zuwa in hukuma ta gama duba takardu. Da ya ga tana leƙen kicin sai ya ɗaga hannu yana dariya.

"Hajiya, na san halin iyayenmu. Abinci na ci, na gode. Amma ban da shi ba na karɓar komai, ko allura. Aikin nan namu akwai ido a kansa."

"To, to, na ji," in ji ta.

Ta yafito ni muka shiga kicin. Ina tsaye ta ciro ambulan daga cikin jakarta, ta naɗe shi a leda, ta kwantar a gindin wani ƙaramin bokiti, ta juye cincin a kai har baki.

Na ce, "Gwaggo, ai ya ce ba ya karɓa."

"Ke wa kika taɓa ji ya ce a ba shi? Haka ake faɗa. Mutum ya ƙetaro teku ya kawo mini albishir irin wannan, in sallame shi hannu rabbana? Ɗan gida kuma? Ya je ya ce wace iri ce uwar yaron?"

"Amma doka ce fa."

"Dokar ta Turawa ce, shi kuwa ya san tukuici. In ya gani zai gane. Danne murfin nan, hannuna da mai."

Na danne. Wannan shi ne nawa laifin, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Ni na karanta takardun nan da idona, na san abin da suka ce, amma a gabana Gwaggo ce, kuma ban saba ce mata a'a sau biyu ba. Koci Davou ya ɗan yi jim da aka miƙa masa bokitin, sannan ya ce cincin dai ba laifi, zai kai wa 'yan ofis su san abin da suka rasa a rayuwa.

Bayan kwana tara ina bakin aiki a kemis ɗin da ke Stockport Road, Taufiq ya shigo da kayan atisaye a jikinsa. Ya ɗora wayarsa a kan kantar shagon. Saƙo ne daga ofishin jami'ar da yake kula da bin doka. Sun ce an buɗe kyautar abinci a ofishin masu horarwa, ana ta ci, a rana ta uku wani ma'aikaci ya kai hannu gindin bokitin ya ciro ambulan da fam ɗari biyu a ciki, a gaban mutane. Sun dakatar da maganar ɗaukarsa. Sun hana kocin magana da mu. Za su yi wa mahaifiyarsa tambayoyi ta bidiyo, da duk wanda yake gidan a ranar. A ƙasa kuma suka rubuta cewa duk wanda aka samu ya faɗi abin da ba gaskiya ba, za su kai wa hukuma, kuma hakan na iya rufe wa yaron ƙofar kowace jami'a, ba tasu kaɗai ba.

Na gama karantawa na ɗago. Ya dube ni ya ce, "Kin sani?"

Na ce na sani. Ya ɗauki wayarsa ya fita.

Da safiyar Asabar Abba ya tuƙa mu zuwa Birmingham, tafiyar awa biyu. Muka tarar da ita tana murza dubulan. Abba ya zaunar da ita ya yi mata bayani a hankali. Ina kallon hannunta, ƙullun yana manne a yatsunta ta kasa cirewa.

"'Yan sanda za su zo?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

"Yaya, ba maganar 'yan sanda ba ce."

"Za su karɓe fasfon?"

"Wane fasfo kuma? Makaranta ce fa."

"Musbahu, haka aka ce mini wancan karon. Tambaya ce kawai, aka ce. Shekara huɗu ina amsa ta."

Taufiq yana jingine da ƙofa. Hausarsa in ransa ya ɓaci gutsuttsura take fita, rabi Turanci. "Mum, shekara biyu ko sisi ban taɓa ba. Ana mini dariya. Ke kuma rana ɗaya, rana ɗaya tak! Mutumin ya gaya miki da Hausa. Da wane yare kike so a gaya miki?"

"Kai!" in ji Abba. "Uwarka ce."

Ba ta ɗago ba. Cewa kawai ta yi, "Bar shi, gaskiyarsa."

Abba injiniya ne, in abu ya lalace sai ya nemo inda za a ɗaure. Bayan ya kora Taufiq waje ya rage murya. Ya ce ba rubutu a jikin ambulan ɗin, ba suna. Ita kuma mai sana'a ce, mata suna kawo mata kuɗin aiki a ambulan kullum. Sai ta ce na wata mai biki ne ta ajiye a bokitin ta manta, ta zuba cincin a kai. Kuskure ne, kowa ya huta, har shi kocin.

"In kuma shi ya riga ya gaya musu tukuici ne fa?" na tambaya.

"Ta ina ya sani? Zato zai yi."

"In sun gane fa?"

"Habi, kina da wata dabarar? Kawo ta."

Muka tafi a kan tasa. Kwana goma sha ɗaya aka ba mu, kuma ban taɓa ganin mutum ya zube cikin kwana goma sha ɗaya kamar yadda Gwaggo ta zube ba. Ta mayar wa masu biki biyu aikinsu. Ta daina buɗe labulen falo. Maƙwabciyarta ta gaya mini in aka buga ƙofa sai ta haye sama ta zauna a kan matakala har mai bugun ya gaji. Kullum in na fito hutun rana sai ta kira ni mu yi bita.

"Tambaye ni."

"Hajiya, yaya aka yi ambulan ya shiga bokitin?"

"Na wata mai biki ne. Na ajiye na manta."

"Wace mai bikin?"

Sai ta ce, "Za su tambayi wannan?"

"Za su iya."

"In na kama sunan wata, ita ma su kira ta? Wayyo Allah, Habi, ƙirjina. Ji yadda yake yi."

Ni ma ina ba mutane magani ina sake duba takarda sau uku. A gida Taufiq yana wuce ni a matakala kamar bai san ni ba. In na rufe ido sai in ga hannuna a kan murfin nan.

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma muka jera a falonta, kwamfutar Abba a kan teburin cin abinci. Ta sa hijabinta na zuwa Idi. Fuska biyu suka bayyana: wata Baturiya mai gilashi daga ofishin, da tafintar da suka ɗauko da kansu, wata mata mai suna Scholastica, da jin Hausarta 'yar Kafanchan ce. Baturiyar ta ce ana naɗar komai. Ta ce Abba da Taufiq su fita. Ni ta ce in zauna a baya inda za ta riƙa ganina, kada in yi magana, in an gama da Hajiya za ta yi da ni ni kaɗai.

Scholastica ta juya wannan da Hausa. Gwaggo ta waiwayo ta dube ni. A duk bitar da muka yi, ba mu taɓa kawo cewa ni ma sai na maimaita maganar da bakina ba.

"Ki faɗi cikakken sunanki, da sunan ɗanki."

Ta faɗi nata. Ta tsaya.

"Mama, sunan yaron suke so," in ji Scholastica a hankali. "Na sani. Daure ki faɗa."

"Taufiq Bara'u." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Kamar ba muryarta ba.

Kocin ya nemi wani abu a wurinki? A'a. Ya nuna alamar yana so? A'a. Akwai wanda ya ce miki sai an biya ake samun wuri? Babu. 

"To yaya aka yi ambulan ɗin ya shiga bokitin?"

Agogon bango ya yi ta tafiya. Baturiyar ta zaci layin ne ya yanke, ta ce ana jin ta? Gwaggo ta goge tafin hannunta a cinya.

"Ni na sa," ta ce. "Da hannuna, da sanina. Ya ce kada in ba shi, na ji shi sarai. Yarinyar nan ma ta hana ni, na ƙi. Yaron kuwa yana falo, bai san an yi ba."

Scholastica ta ɗan runtse ido kafin ta juya.

Baturiyar ta tambayi dalili. Gwaggo ta ce, "'Yata, gaya mata a wurinmu wanda ya kawo maka alheri ba ya komawa haka. Ko yaro aka aiko da kwanon tuwo, sai ka saka masa wani abu a kwanon. Ba sayen tuwon ka yi ba, an riga an ba ka. In ya ce a'a, ladabi ne, kai kuma sai ka san yadda ka yi. Ni na ɗauka an riga an ba yaron wurin."

"Ta ce a lokacin ba a sa hannu ba tukuna," in ji Scholastica.

"Yanzu na sani," in ji Gwaggo. "Ki roƙar mini ita. In hukunci ne a yi mini. A hana ni zuwa ƙasar, ko kallonsa kada in je. Shi dai tun yana shekara tara yake gudu a cikin ruwa."

Baturiyar ta ce ta gode, ba ita take yanke hukunci ba. Nawa bai kai minti biyar ba, don ba abin da ya rage in ɓoye. Da aka kashe kwamfutar Abba ya shigo ya dubi fuskokinmu ya gane. Ya je ya ɗora mata shayi.

Sati uku muka jira. Amsar ta zo wa Taufiq, ya turo mini ba tare da ya ƙara ko kalma ba, ni kuma na kira ta. Jami'ar ta ce ta yarda yaron bai sani ba, kocin ma bai nema ba. Amma kuɗi ya fito daga gidan ɗan wasa zuwa hannun mai ɗaukarsa kafin a sa hannu, kuma ba za su ɗauki wannan nauyin ba. Sun janye. Za su mayar mata da kuɗinta. Abin da suka rubuta wa hukuma shi ne iyalin sun ba da haɗin kai, sunan yaron ba tabo, kowace jami'a tana iya nemansa.

"Wato ya rasa," in ji ta.

"Wannan ya rasa, Gwaggo. Sauran suna nan."

"Shekara guda fa zai jira."

"Shekara guda."

Wata ɗaya Taufiq bai taka Birmingham ba, ba ya kuma ɗaga wayarta. Ba ta yi ƙorafi ba, ni take tambaya ko yana cin abinci. Ran nan da kansa ya hau bas ya tafi. Ban san abin da suka ce wa juna ba, kuma ban tambaya ba. Ya dai dawo da bokiti, ya ajiye mini a ƙofar ɗaki ya ce, "Na duba gindin, ba komai." Maganar da ya fara yi mini ke nan tun ranar kemis.

Ya koma tura bidiyon wasanninsa. Yanzu wata ƙaramar jami'a a wata jiha mai sanyi ta ce za ta turo mutum a watan gobe, ba alkawari. Tun da Gwaggo ta ji, ta sa na buga mata littafin dokokin hukumar gaba ɗaya, ya fi tafin hannu kauri. Duk Lahadi bayan la'asar nakan kira ta in karanta shafi biyar ina juyawa da Hausa, tana tsayar da ni.

Makon jiya ta ce, "Tsaya. In ya zo, ruwa fa? An yarda a ba shi ruwa?"

"An yarda, Gwaggo."

"A ina aka rubuta?"

Na ce ba a rubuta ba, amma ba a hana ba.

"A'a. Ki tambaye su a rubuce, su amsa a rubuce. Da masa, da miya, kowanne da sunansa." Na ji tana jan numfashi. "Kuma ranar ki zo da wuri ki tsaya a ƙofar kicin. In kin ga na nufi jakata ki riƙe mini hannu, ko zagin ki na yi kada ki saki. Ci gaba, ina ji."